Kek Ɗin da Ba A Ci: Yadda Ake Haɗa Kek Ɗin Famfas da Yadda Ake Sayar da Shi

 

A zangon karatun da ya wuce, ɗaya daga cikin malamanmu mata ta haihu, 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka yi karo-karo don mu je barka. Wata 'yar aji biyar ta ba da shawarar kada mu kai kayan a leda kamar yadda kowa yake yi, mu jera su su zama kek mai hawa uku. Da muka gama muka ajiye shi a ofishin malamai kafin a tashi, har wani malaminmu ya tambaya ko an zo da wuƙar yankawa. Tun daga ranar ake tare mu ana tambaya: mene ne wannan abu, yaya ake yin sa, kuma ana samun kuɗi da shi? Ga amsar, gwargwadon abin da muka koya da hannunmu da kuma wajen malamarmu ta darasin tattalin gida.

Mene ne kek ɗin famfas?

Ba fulawa a cikinsa, ba ƙwai, ba sukari. Ƙunzugun jarirai ne na zamani, wanda muke kira famfas, ake naɗewa ɗaya bayan ɗaya, a jera su a da'ira hawa-hawa kamar kek ɗin biki, a ɗaure da ribom, a ƙawata da ƙananan kayan jariri irin su safa da hula da sabulu. Mai jego za ta ajiye shi a ɗaki 'yan barka su gani, daga baya ta warware ta yi amfani da komai.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ginshiƙin sana'ar. Abin da mai saye yake gani shi ne kyau, amma wanda zai yi amfani da kayan jariri ne ɗan kwana bakwai, mai fata mai laushi. Duk kek ɗin da aka warware aka tarar famfas ɗinsa ya yi ƙura, ko ya huje, ko ya yi wa jariri kaɗan, ya zama kyan ɗan maciji.

Daga ina ya samo asali?

Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka. Can ana shirya wa mai ciki walima tun kafin ta haihu, ƙawaye da dangi su taru su kawo mata kayan jariri, a kafa wannan kek a tsakiyar tebur a matsayin ado da kyauta a lokaci guda. Daga baya ya bazu zuwa Ingila da Jamus da Japan da wasu ƙasashe, hotunansa kuma suka iso mana ta intanet.

Shi kansa famfas bai daɗe sosai a duniya ba. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ne ya fito da samfurin Pampers a 1961, bayan aikin da wani injiniyansa mai suna Victor Mills ya jagoranta. Sunan ya kama bakin mutane har ya zama a wajenmu kowane irin ƙunzugun da ake yarwa famfas ne, ko Molfix ne ko Huggies, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo.

Mu a nan ba mu saba yi wa ciki walima ba. Sai an sauka lafiya ake zuwa barka, ranar bakwai a yi suna, mata su zo da turmin atamfa da sabulu da omo da man shafawa da rigunan jariri. Ke nan kayan da ke cikin kek ɗin ba baƙi ba ne a wajenmu, yadda ake jera su ne kawai sabo. Akwai ma wani sauƙi da al'adarmu ta ba mai wannan sana'a: daga haihuwa zuwa suna kwana bakwai ne, an san ko mace aka samu ko namiji, an ga girman jaririn. Ba sai ka haɗa ka ajiye kana jiran mai saye ba.

Kayan aiki

Ga abin da ake buƙata don mai hawa uku: famfas guda 60; faranti mai faɗi ko tire wanda zai zama gindi; kwali mai siffar bututu ko ƙaramin tawul da aka naɗe tamau, wanda zai zama ginshiƙin tsakiya; ƙananan robobi irin na ɗaure kuɗi guda 60, da manya guda shida; ribom mai faɗi; almakashi; salatif; farar leda mai shara-shara wadda ake ganin abin da ke ciki; sai kayan ado, wato safa, hula, ƙaramin tawul, sabulun jarirai da man shafawa.

Me ya sa 60? Wannan tambaya ce ta darasin lissafi. Ku ɗauki murafen kwalba masu girma ɗaya, ku sa ɗaya a tsakiya, ku kewaye shi. Guda 6 ne za su zagaye shi daidai. Zagaye na biyu zai ci 12, na uku 18. To hawan sama zagaye ɗaya ne, wato 6. Hawan tsakiya zagaye biyu, 6 da 12, wato 18. Hawan ƙasa zagaye uku, 6 da 12 da 18, wato 36. Idan aka tara 6 da 18 da 36 an sami 60. In ginshiƙin ya fi naɗaɗɗen famfas kauri, adadin zai ɗan ƙaru. Mai son ƙarami sai a yi masa hawa biyu da guda 24.

Sabon jariri yakan ɓata famfas takwas zuwa goma a rana. Ashe guda 60 ɗin nan aikin kusan mako ɗaya ne. Ba ƙaramin taimako ba ne ga gidan da aka yi haihuwa.

A kula da lamba. Famfas yana da girma-girma, kuma an rubuta nauyin jaririn da ya dace da kowanne a jikin ledarsa. Lamba 1 yawanci na jariri ne mai kilo 2 zuwa 5, lamba 2 ya ɗara haka, kodayake kowane kamfani da nasa ma'aunin. Jarirai suna saurin girma, wasu ma da ƙibarsu ake haifarsu, don haka lamba 2 ya fi aminci: wanda ya yi yawa yau zai yi daidai gobe, amma wanda ya yi kaɗan ya tashi aiki. In za a gauraya, a sa ƙananan a sama, manyan a ƙasa, tunda daga sama ake fara warwarewa.

Yadda ake haɗawa

Na farko, tsafta. A wanke hannu da sabulu, a bari ya bushe sarai, a yanke farce. A shimfiɗa wankakken zane a kan tebur, a rufe taga in ana iska. Mai mura ko tari ya bar aikin sai ya warke.

Na biyu, naɗi. Kada a buɗe famfas. Yadda ya fito daga ledarsa a ninke, haka za a bar shi, domin cikinsa ne yake taɓa jikin jariri. A fara naɗewa daga bakin da yake buɗe zuwa wajen ninkin, yadda bakin zai shige ciki, sannan a sa ƙaramar roba a tsakiya. Kada a matse shi da ƙarfi, robar da ke kama cinyar jariri tana iya sakewa.

Na uku, hawan ƙasa. A tsayar da ginshiƙi a tsakiyar faranti, a kafe shi da salatif. A zura babbar roba a jikinsa, a riƙa ɗaga ta ana cusa naɗaɗɗen famfas a tsaye har guda 6 su cika. A sake sa wata robar a yi zagaye na biyu, sannan na uku. Mutum biyu sun fi saurin yin wannan, ɗaya na riƙewa ɗaya na jerawa.

Na huɗu, a ɗora hawan tsakiya a kan na ƙasa, a jikin ginshiƙin nan dai, sannan na sama. A juya kowane famfas yadda bakin naɗinsa zai kalli ciki.

Na biyar, a zagaye kowane hawa da ribom don ya rufe robobin. A manne ribom da ɗan uwansa ribom, ko a ƙulla shi. Gam ko salatif kada ya taɓa famfas.

Na shida, ado. A soke safa da hula a tsakanin hawa, a ɗaure sabulu da man shafawa da siririn ribom. Daga nan sai a lulluɓe kek ɗin gaba ɗaya da leda, a tattara bakinta a sama a ɗaure. Wanda hannunsa ya faɗa yakan gama cikin awa ɗaya zuwa biyu. Mu namu na farko ya cinye mana yammaci guda.

Abubuwan da ba a yi

Ba a soka fil ko allura. A cikin famfas akwai wani gari mai kama da gishiri wanda yake shanye ruwa ninkin-ba-ninkin nauyinsa ya kumbura ya zama kamar kamu. Shi ne yake riƙe fitsari. In an huda famfas zai riƙa yoyo, kuma fil ɗaya da aka manta ya isa ya jawo kuka da jini. Wanda yake son ganin garin da idonsa, ya yaga famfas ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje ya zuba masa ruwa.

Wannan garin ne kuma ya sa ba a ajiye kek a inda yake da laima, musamman da damina. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Mu kanmu mun ɗanɗana: mun bar gwajinmu na farko a buɗe kwana biyu a kusa da taga, da muka dawo zagayen waje duk ya yi ja. Guda 18 muka cire muka sake sayo wasu da kuɗin aljihunmu.

Ba a fesa turare, ba a turara shi da turaren wuta, komai son ƙamshin mai saye. Fatar jariri ba ta jure wannan, ƙuraje suna iya feso masa.

Ba a yin ado da ƙananan duwatsu ko ƙyalƙyali ko maɓallai da za su iya ɓallewa. A gidan suna akwai yayye masu rarrafe, komai suka tsinta baki suke kai wa. Saboda haka ne ma yake da kyau a maƙala 'yar takarda a rubuta cewa a tattara robobi da ledar a kawar da su daga inda yara suke, a kuma rubuta lambar famfas da adadinsa da sunan kamfaninsa.

Ba a sa bulumboti ko madarar gwangwani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, bai kamata kyautarmu ta ja mai jego zuwa wata hanya ba. Hoda ma gara a bar ta, likitocin yara da yawa suna hana ta saboda jariri yana shaƙar ta. Sabulu da man shafawa kuwa a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsu.

Ba a sayen famfas na kwance wanda ake ƙirgawa a buɗe a bakin titi. Yana da sauƙin kuɗi, amma ba ka san hannu nawa ya taɓa shi ba. Araha ba ta ado.

Lissafin ciniki

A nan ne masu sana'ar hannu da yawa suke faɗuwa, ba a wajen iya aiki ba. Kuɗin da za mu kawo yanzu misali ne kawai don a ga yadda lissafin yake, kowa ya je kasuwa ya ji farashin ranar.

Mu ƙaddara famfas 60 ya ci N9,000, faranti N1,500, sabulu da mai N2,500, safa da hula da tawul N3,000. Jimla N16,000. Wata za ta ce ta sayar N18,000 ta ci ribar N2,000. Amma ta manta da ribom da roba da leda, N1,500, ta manta da kuɗin mota zuwa kasuwa da kai kaya, N1,000. Ainihin abin da ta kashe N18,500 ne. Ta yi asarar N500, ta kuma yi aikin awa biyu kyauta, tana murna ta yi ciniki.

Yadda ya kamata shi ne a rubuta komai a littafi, har salatif. A ɗora ladan aiki, a ce N2,000, sannan riba, a ce N2,500. Kuɗin kek ya zama N23,000. Ladan aiki naka ne ka kashe, riba kuwa ta koma cikin jari.

Famfas shi ne yake cin kusan rabin kuɗin kaya, kuma farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. A Disambar 2023 Procter & Gamble ya sanar da cewa zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigo da su daga waje. A 2024 kamfanin Kimberly-Clark mai yin Huggies shi ma ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. Molfix kuwa na kamfanin Hayat ne na Turkiyya, wanda yake da masana'anta a Agbara ta jihar Ogun. Darasin da ke nan shi ne kada a yanke wa mai saye farashi da kuɗin watan jiya. A tambayi kasuwa tukuna. Sayen babbar leda a wajen 'yan sari, irin na kasuwar Singa ko ta Sabon Gari ga mutanen Kano, ya fi sauƙi a kan sayen ƙanana a shagon unguwa.

Su wa za su saya?

Gaskiya ba kowa ne zai iya fitar da kuɗin mai hawa uku shi kaɗai ba. Masu sayensa yawanci jama'a ne da suka haɗa kuɗi: malaman makaranta, ma'aikatan ofis ɗaya, ƙawayen mai jego, matan da suke adashi tare. Mutum goma in kowa ya kawo kaɗan, sai su kai abu guda mai cika ido maimakon sabulai goma iri ɗaya. Ga mai ƙaramin ƙarfi kuma sai a tanadi mai hawa biyu ko ɗaya.

Talla ba ta buƙatar kuɗi. A ɗauki hoto mai kyau da rana a jikin farin bango, a roƙi Mama ko Yaya ta ɗora a WhatsApp ɗinta. Babbar talla ma ita ce ranar suna kanta, inda mata da yawa za su gan shi su tambayi wa ya yi. A maƙala ƙaramin kati mai lambar wayar wani babba na gida.

Kada a fara aiki sai an karɓi kafin alƙalami wanda zai isa sayen kaya. Ta haka ko ba ka da jari za ka iya farawa, kuma in mai saye ya fasa ba kai za ka kwana ciki ba. A guji bashi, ko na dangi ne. In an yi alkawarin kai wa ranar jajibirin suna, a cika. Kek ɗin da ya iso bayan an watse ba shi da maraba da famfas a leda.

Wajen kai wa, a riƙe shi a cinya ta gindin farantin. Namu mun ajiye shi a kujerar adaidaita sahu, da muka faɗa wani rami hawan sama ya karkace, sai a ƙofar gidan muka tsaya gyara.

Ga masu cewa almubazzaranci ne

Wani malaminmu ya ce mana kuɗin ribom da leda da ladan aiki, da famfas aka ƙara da su da ya fi wa mai jego amfani. Maganarsa tana kan hanya, kuma ita ce ma'aunin da ya kamata mai sana'ar ya riƙe: abin da za a yar ya zama kaɗan, abin da za a mora ya zama shi ne mai yawa. Shi ya sa muka fi son faranti a kan kwali, tawul a kan bututu. Wasu ma a cikin bahon wankan jariri suke jera shi, su lulluɓe da gidan sauro.

Haka kuma ba kowane gida ne yake amfani da famfas kullum ba. Da yawa nafkin suke sa wa yara a wanke a shanya, famfas sai za a fita unguwa. Ga irin wannan gida ana iya naɗe nafkin da ƙananan tawul a yi kek ɗin da su, ya ma fi daɗewa ana mora. Kuma duk mun ga yadda famfas ɗin da aka yar yake toshe kwatoci a unguwanninmu, don robar jikinsa ba ta ruɓewa da wuri. Mai hankali zai tambayi mai saye halin gidan da za a kai kafin ya je kasuwa.

Jan hankali ga ɗalibai

Tun a 2011 aka shigar da darussan sana'o'i cikin manhajar babbar sakandare a ƙasar nan, don ɗalibi ya fita da abin yi a hannunsa. Wannan sana'a ta dace da mu, maza da mata, domin ba ta son shago, ba ta son wutar lantarki, ba ta son inji. Amma karatu shi ne gaba. A yi ta ranar da babu makaranta ko lokacin hutu, da sanin iyaye da yardarsu. Kada ɗalibi ko ɗaliba ya kai kaya gidan da bai sani ba shi kaɗai, a tafi da wani babba. Kuɗin mutane kuma amana ne, kada a taɓa kafin alƙalami a sayi kati ko awara da niyyar za a mayar.

Mai son gwadawa ba sai ya jira an yi haihuwa ba. Ya samo tsofaffin safa ko ƙyallaye guda 24 ya naɗe, ya koyi jerawa da ɗaurewa har hannunsa ya saba, sannan ya taɓa famfas na gaske. Mai tambaya ko gyara ya rubuta ya jefa a akwatin ƙungiya da ke gefen wannan allo, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.